Kano zuwa Jidda: Awa Biyar Ne Ko Bakwai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Zan kai mahaifiyata Umara. Na duba a waya, wani shafin ya ce nisan Kano da Jidda 3,400, wani ya ce 2,100. Tikitinmu kuma ya nuna tashi ƙarfe 10 na dare, sauka 5 na asuba, amma a dawowa awa uku kacal. Wayata ce ta rikice? (Daga wani mai karatu a Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya kai ku lafiya, ya karɓi ibada. Wayarka ƙalau take.

Shafukan biyu duk gaskiya suka faɗa. Na farko da kilomita ya auna, na biyu da mil, kuma mil ɗaya ya ɗan haura kilomita 1.6. Idan kana son ka auna da hannunka, buɗe Google Maps, ka danne yatsa a kan filin jirgin Malam Aminu Kano har jan alama ta fito, ka zaɓi "Measure distance", sannan ka ja taswirar zuwa Jidda. Za ka ga kimanin kilomita 3,400. Amma wannan miƙaƙƙen layi ne, jirgi kuwa ba haka yake bi ba. Yana da hanyoyinsa a sama, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 jirage da dama suke kewaye ƙasar, tafiyar ta ƙara tsawo.

Batun tikiti shi ne ya fi rikita mutane, har da waɗanda suka sha zuwa. Kamfanonin jirage suna rubuta kowane lokaci da agogon garin da abin zai faru. Saudiyya ta riga Najeriya da awa biyu. To, 5 na asubar Jidda, ƙarfe 3 na dare ne a Kano. Ka ga awa biyar za ku yi a sama, ba bakwai ba. A dawowa lissafin juyawa yake yi: awa ukun da ka gani, ƙara masa biyu. Ka gaya wa masu zuwa tarbarku wannan da kyau, kada su kwana a filin jirgi a banza. Ka kuma duba ko tikitin kai tsaye ne. Idan za ku yada zango a Alƙahira ko Addis Ababa, zaman jira kaɗai zai iya fin tafiyar tsawo, kuma ga dattijuwa ni dai zan fi son a ƙara kuɗi a tafi kai tsaye.

Tambaya: Idan na sa wayata a yanayin jirgi, zan iya ganin inda muke? (Wata mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Sau da yawa ana iyawa, Hajiya. GPS, wato tsarin da ke nuna wa waya inda take a taswira, karɓar saƙo kawai yake yi daga tauraron ɗan Adam, ba ya buƙatar data. Ki sauke taswira tun kina gida, ki nemi kujerar taga. 'Yan gida kuma su sa lambar jirgin a manhajar Flightradar24, su ga inda jirginku yake. Da kun sauka, ki tabbata agogon wayar yana kan saita kansa, in ba haka ba ƙararrawar asuba za ta tashe ki rana ta fito.