An ƙi duba haƙorin ɗana saboda tawahhud: ina zan kai kuka?

Tambaya: Barista, a Jidda muke zaune, maigidana direba ne a wani kamfani, iƙamarmu, wato takardar izinin zama, da ranta. Ɗanmu mai shekara 7 likitoci sun ce yana da tawahhud, abin da wasu a gida ke kira galahanga. Haƙori ya hana shi barci kwana uku, na kai shi asibitin kuɗi. Yana jin ƙarar injin sai ya toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin kujera. Likitan ya tuɓe safar hannu ya ce, "Ba ma duba irin waɗannan." Ga kamfanin inshora ma ya ƙi biyan kuɗin koya masa magana. Ina da hakki kuwa?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Kina da hakki, amma maganarki biyu ce, kuma kowace da ƙofarta.

Ta likita tukuna. Saudiyya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan hakkin masu buƙata ta musamman a 2008, a 2023 kuma ta fito da dokar da ta hana nuna musu bambanci. Sai dai gaskiya ɗaya ce: likita yana iya cewa ba shi da kayan sa yaro barci a yi masa aiki, wannan ba laifi ba ne. Abin da ya kamata shi ne ya ba da maganin rage zafi, ya rubuta takardar tura ku inda ake da kayan. Kora da baƙar magana ita ce abin ƙara. Ki kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, ki faɗi rana da lokaci da kalmomin da ya furta, ki karɓi lambar ƙorafi ki adana. Idan kumatu ya kumbura har da zazzaɓi mai zafi, ku nufi sashen gaggawa. Doka ta tilasta wa asibitin kuɗi ya fara ceto a hali mai haɗari kafin ya nemi ko riyal ɗaya.

Ta inshorar ce ta fi ƙarfi a wurina, don nan kuɗin yake. Wajibi ne kamfani ya yi wa ma'aikacinsa da iyalinsa ta'amin, wato inshorar lafiya, ba tare da ya yanka daga albashi ba. Tun 2018 tsarin bai-ɗaya na inshorar lafiya ya haɗa da kula da tawahhud har riyal 50,000. Ku fara duba ko sunan yaron yana cikin inshorar. In babu, laifin kamfanin maigida ne, Majalisar Inshorar Lafiya za a kai. In yana ciki, kada ki yarda da "ba a amince ba" ta fatar baki. A ba ki dalilin ƙin a rubuce. Ki karɓo taƙarir, wato rahoton lafiya mai hatimi, daga ƙwararren likita, wanda ya ambaci tawahhud ƙarara da yawan zaman da yaron ke buƙata, asibiti ya sake turawa. Suka sake ƙi, sai Hukumar Inshora, daga nan kwamitocin raba gardamar inshora.

Na san abin da maigida zai ce: kada a ja masa fitina da kafili, wato wanda ya ɗauke shi aiki. Ki kwantar masa da hankali, ƙorafi a kan kamfanin inshora ba ƙarar kafili ba ce.

Kotu? Ban ba ki shawara ba yanzu. Diyya sai an tabbatar da cutarwa, ga ɓata lokaci, haƙori kuma ba ya jira.

Abu guda nake roƙonki: kada zuciya ta ɗebe ki ki sa sunan likitan ko asibitin a TikTok ko zauren WhatsApp. Dokar laifuffukan intanet ta 2007 ta tanadar wa ɓata suna ɗaurin da ya kai shekara ɗaya, ko tarar da ta kai riyal 500,000, ko duka biyun. Hotuna da rasit ɗin da ke wayarki, ki ajiye wa jami'in da zai kira ki.