Amsa: nawa ake ba ma'aikatan jirgin ruwan shata?

Malam mai tambaya, ka ce Alhajinku zai yi shatar jirgin ruwa na shaƙatawa a Dubai shi da iyali, kai ne mai riƙe kuɗi, kana so ka san ko dole ne a ba ma'aikata ihsani kuma nawa. Na yi aiki a irin jiragen nan a Dubai Marina kafin in dawo ƙauyenmu nan wajen Ringim in kama noman rani, to bari in ɗan ce wani abu.

Ba dole ba ne, ba wanda zai tare ku a bakin gaɓa. Amma kowa a jirgin ya sa rai, don albashin ƙananan ma'aikata ba wani abin kirki ba ne. Ƙungiyar dillalan shata ta MYBA ta ce kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na kuɗin shata, a Bahar Rum yawanci 10 ake bayarwa, can Karebiyan kuwa inda Amurkawa suka fi yawa har 15 zuwa 20 ake kaiwa. Dubai galibi da awa ake haya, in kun biya dirhami 3,000 kuka ba da 300 kun fita kunya.

In kuma shatar sati ce to ka kula da lissafi, don akwai wani kuɗi daban da ake ajiyewa tun farko na mai da cefane da kuɗin tasha, APA suke ce masa, wajen kashi 30 cikin ɗari, shi ba a lissafa ihsani a kansa, kan asalin kuɗin shata kawai ake yi. Ka kuma karanta takardar yarjejeniya ko sun riga sun saka kuɗin hidima, kar ka biya sau biyu.

Inda mutanenmu suke kuskure shi ne wajen miƙawa. Alhaji zai ga yaron da ke kawo masa lemo yana ranka ya daɗe, sai ya dunƙule kuɗi ya cusa masa a aljihu, shikenan wai ya sallami jirgi. Alhali akwai injiniya can ƙasa cikin zafi da ƙarar inji, ga kuku tsaye tun asuba jirgi na tangaɗi yana dafe tukunya da hannu ɗaya, ga mai wanke banɗaki duk lokacin da teku ta juya cikin yara suka yi amai. Wallahi sai ku sauka ba ku ga fuskar wasunsu ba, kuma su ne suka fi shan wuya. Kamar dai a biya mai rabon abinci a gidan biki a manta da matan da suka kwana a gindin murhu.

Saboda haka ka sa kuɗin a ambulan, tsaba, dirhami ko dala, banda naira don Allah, da wuya su samu inda za su canza ta. Dab da sauka ka miƙa wa kyaftin a gaban ko da mutum biyu daga cikinsu, ka ce na kowa da kowa ne. Shi zai raba, a jiragen da na zauna daidai wa daida ake yi. Maganar shaidu kuwa na san dalilin da ya sa na faɗa, akwai kyaftin ɗin da ambulan kan rame a hannunsa kafin ta iso gare mu.

In hidimar ba ta yi muku ba ku rage, amma ku gaya wa kyaftin dalili. Allah ya kai ku lafiya, a gaida Alhaji.