Amsa: Fim ɗin ɗan makaranta mai binciken kisa

Malam, fim ɗin da kake cigiya, wanda ɗan sakandare ya tsinci gawar tsohuwar budurwarsa a bakin magudanar ruwa ya shiga farautar wanda ya kashe ta, Brick ne na 2005. Rian Johnson ya ba da umarni, Joseph Gordon-Levitt ne jarumin, an ɗauke shi a San Clemente, Kalifoniya.

Kada kayan ɗalibai su ruɗe ka, ba na yara ba ne: akwai dillancin ƙwaya da duka har jini. Turancinsu kuwa zaurance ne irin na tsoffin littattafan Dashiell Hammett, Ba'amurke marubucin labaran binciken laifi. Ni sai da na kunna rubutun maganganu na ƙasan allo na sake kallo kafin na gane waye Pin, ubangidan dillalan ƙwaya a fim ɗin. In don ƙannenka ne, fara duba ƙimar shekarunsa, R ce, wato na manya ne.