Maigidana ɗan Daular Larabawa ne, shin ni ma zan shiga Faransa ba biza?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina aure a Dubai, maigidana ɗan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ne, ni kuma fasfon Najeriya gare ni da iƙama. Za mu kai yara hutu Faransa nan da wata biyu. Wani dillali ya ce tunda ina da katin Emirates ID ba na bukatar biza. Gabana na faɗuwa, kada a mayar da ni a filin jirgi.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Faɗuwar gaban nan naki tana kan hanya.

Maigidanki ba shi da matsala. Tun watan Mayun 2015 ƴan Daular ke shiga ƙasashen Shengen (rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, har da Faransa) ba biza, kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Fasfonsa dai ya zama an yi shi cikin shekara 10 da suka wuce, kuma ya rage masa aƙalla wata 3 bayan ranar da zai fito daga Shengen. Yaran ma haka, in fasfon Daular suke riƙe da shi kamar mahaifinsu.

Ke kuwa sai da biza. Wannan maganar ta dillalai kullum sai mun ji ta, har ta gundure mu. Sassaucin an yi wa fasfo ne, ba wa mazaunin ƙasa ba. Emirates ID shaida ce cewa kina zaune a can bisa doka, ba ta mayar da ke ƴar ƙasa ba, ko iƙamar ta shekara goma ce. Takardar aure ma ba ta canza komai. Ba sai kin isa Faris za a gane ba: ma'aikaciyar jirgi a Dubai za ta buɗe fasfon, ta ga kore ne, ta nemi shafin biza, ta rasa, ta miƙo miki abinki. Kamfanin jirgi ba zai ɗauke ki ba, don shi ake ci tara. Dillalin kuwa ya riga ya karɓi la'adar tikiti da otal, wayarsa ma ba za ta shiga ba ranar. Mai sayar da tikiti ba jami'in shige da fice ba ne, ban san dalilin da mutane ke ɗaukar fatawa a bakinsa ba.

Amfanin iƙamar ɗaya ne: za ki nemi bizar daga Dubai ba sai kin koma Abuja ko Legas ba. Ki cike fom a shafin France-Visas, ki kama rana, ki je da kanki a ɗauki zanen yatsu. Kuɗin biza Yuro 90 ne, ban da na cibiyar karɓar takardu. Ki haɗa da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, shaidar otal da tikiti, bayanan banki, takardar aure, da wasiƙar maigida cewa shi ke ɗaukar nauyi tare da kwafin fasfonsa. Ki duba kada iƙamar ta kusa ƙarewa.

Amsa kan fito cikin kwana 15, tana iya kaiwa 45, kuma samun rana da bazara wuya gare shi. Wata biyu ba yawa ba ne, ki fara yau. In kuna shirin tsallakawa Landan, Birtaniya ba ta cikin Shengen: maigida zai nemi izinin shiga da ake kira ETA ta intanet, ke kuma wata bizar daban.