Tambayi Fada: Barci na sace ni da Rosari a hannu

Tambaya: Fada, sannu da aiki. Ina cikin ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul a cocinmu, shekara shida ke nan. Duk Asabar muna kai wa gwauraye da 'yan gudun hijira hatsi da sabulu. Ina dawowa a gajiye liƙis, in ɗauki Rosari, carbin addu'armu mai ƙwayoyi goma-goma, kafin in kai goman farko barci ya sace ni. Ga kuma wata gwauruwa da muka ba shinkafa, washegari na ji ta sayar a kasuwa. Tun ranar zuciyata ta yi sanyi, addu'a ma ba ta min daɗi. Shin aikin nan zai tsaya a madadin addu'ata?
Wata uwa daga Kafanchan

Amsa: Mama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara ƙarfi. Maganar barci mai sauƙi ce. A Markus 6:31, lokacin da jama'a suka hana manzanni ko damar cin abinci, Yesu da kansa ya ce su keɓe su ɗan huta. Ki mai da addu'arki asuba, kafin ki hura wuta. Goma ɗaya da hankali a jiki ya ishe ki ranar Asabar.

Amma aiki ba zai maye gurbin addu'a ba. Waliyyi Vincent, wanda ya rasu a Faransa a 1660, ya koya wa sistocin ƙungiyar da suka kafa shi da Louise de Marillac a 1633 cewa idan mara lafiya ya buƙace su ana tsakar addu'a, su tashi su je, domin barin Allah ne saboda Allah. Mutane na son wannan magana, har wasu sun mai da ita hujjar daina addu'a gaba ɗaya. Ki lura, wadda take durƙushe ce aka ce ta tashi. Sistocin Uwa Teresa a Kalkata ma, duk da yawan aikinsu, a 1973 suka ƙara wa kansu awa guda kullum ta addu'a a gaban Sakramenti Mai Tsarki, wato gurasar da aka tsarkake a Mass.

Abin da ya fi damuna shinkafar nan ce, don a ganina ita ta toshe miki baki, gajiya ta samu hanya ne kawai. Na taɓa shiga irin wannan hali. Ina sabon fada a wani ƙauye, na ba wani tsoho bargo da sanyin hunturu, bayan kwana uku na ga bargon shanye a igiyar wani gida. Na yi sati biyu ina gaishe shi sama-sama. Da na daure na je, na tarar da jikarsa kwance a tabarma, ga kwalbar magani a gefenta, rabi ya rage. Bargon ne ya zama maganin. Bai ba ni haƙuri ba, ya dai turo min kujera 'yar tsugunne, ya miƙo ruwa a ƙwarya. Daren nan na daɗe a coci ban iya furta komai ba.

Vincent yakan kira matalauta iyayengijinmu. Bawa kuwa ba ya tuhumar ubangidansa a kan abin da ya riga ya miƙa masa. Mai yiwuwa gwauruwar nan haya ta biya, mai yiwuwa kuma ta yi kuskure. Ko ma wanne ne, Matiyu 25:40 bai ware mai godiya da mara godiya ba cikin 'yan'uwan Yesu mafiya ƙanƙanta.

Ga abin da nake roƙonki. Da dare, kafin ki kwanta, ki ɗauki minti biyar ki bi ranar daga farko: ƙofofin da kika shiga, fuskokin da kika gani, inda zuciyarki ta buɗe da inda ta rufe. Ki ambaci matar nan da sunanta a gaban Ubangiji, ki gaya masa kina fushi, ba sai kin yi wa maganar kwalliya ba. Asabar mai zuwa kuma ki koma gidanta tare da abokiyar ziyararki, kamar yadda ƙungiyarku ta saba zuwa bibbiyu. Kada ki ɗauki mudu ko ɗaya. Ki zauna a tabarmarta, ki tambaye ta yara da jiki, ki bar ta ta yi magana. Ki rubuto min abin da kika ji.