An ba ni TDIU amma sun yanke min shekaru biyu, ya zan yi?

Tambaya: Salam malam. Ni tsohon sojan Amurka ne, ciwon baya da PTSD (ciwon damuwa bayan mummunan tashin hankali) suka sa na ajiye tuƙin tirela a ƙarshen 2021. Na nemi ƙarin kason nakasa a 2022, sai watan jiya VA (ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji) ta amince da TDIU (kuɗin da ake ba wanda ciwon aikin soja ya hana shi yin aiki), wai daga 2024 za su fara lissafi tunda lokacin na cike fom 21-8940 na neman TDIU. In haƙura ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kar ka haƙura wallahi, TDIU ana biyansa ne kamar mai kaso 100, kuɗin shekara biyu ba wasa ba ne.

Ranar cike fom ba lallai ita ce ranar fara lissafi ba. Tun 2009 a shari'ar Rice da Shinseki kotun tsofaffin sojoji ta ce in mutum ya nemi ƙarin kaso kuma takardunsa suka nuna ciwon ya hana shi aiki, to maganar TDIU tana cikin wannan buƙatar, ko bai cike fom ɗin ba. Kenan in buƙatarka ta 2022 ba ta mutu ba, wato ka ci gaba da bibiyarta ba ka bar shekara ta wuce kan wani hukunci ba, daga can ya kamata su ɗauko, har ma ana iya komawa baya zuwa shekara ɗaya in an ga a cikin shekarar ne abin ya tsananta. Ka duba kasonka na lokacin ma, ƙa'idar samun TDIU ita ce ciwo ɗaya mai 60, ko jimla 70 da ɗaya a ciki mai 40.

Shekara ɗaya gare ka daga ranar da ke kan wasiƙar hukuncin, don Allah kar ka yi wasa da wannan. In hujja tana cikin fayil, ka cike fom 20-0996 babban jami'i ya sake dubawa, amma nan ba a karɓar sabuwar hujja. In kana da sabuwa, kamar takardar kamfanin da ka bari mai nuna ranar da dalilin barinka, sai 20-0995. Fom 10182 kuma na zuwa gaban alƙali ne, yana da jira sosai.

In shekarar ta wuce saura hanyar CUE, wato ka nuna akwai kuskure bayyananne da ba a musunsa a cikin hukuncin, kuma tana da wuyar gaske. Ka je wurin DAV ko VFW, ƙungiyoyin tsofaffin sojoji, da wasiƙar a wannan satin, kyauta suke taimakawa.