Amsa ga mai tambayar inda za ta je sayen kayan lefe da na sari

Wa alaikumussalam 'yar uwa. Na ga tambayarki, kin ce kina Bauchi, za ku haɗa lefen ƙaninki kuma kina so ki ɗan saro kaya ki fara taɓa sana'a, wai Kano za ki nufa ko Legas ko kuwa Abuja. Toh ni dai sana'ata kenan, kuma gaskiya in dai atamfa ce da shadda da leshi da yadin maza kada ki wahalar da kanki, Kano ta ishe ki. Mafi yawan abin da kike gani a kasuwar Wunti ta Bauchi ai daga Kantin Kwari ta Kano ake saro shi, har 'yan Maraɗi da Damagaram da 'yan Chadi nan suke zuwa su yi lodi.

Amma fa Kwari ba kasuwar da za ki faɗa haka kawai ba ce, kina sauka daga a daidaita sahu yara za su yanyame ki, Hajiya me za a kawo, Hajiya zo ki ga sabon zane, waɗannan su ne 'yan kayi-nayi, ba su da shago ko ɗaya, zai zaunar da ke a benci ya shiga wani gida ya ɗauko kayan ya ɗora nasa a kai, ke kina ganin kin yi ciniki har kin taya an ce albarka kin ƙara an sallama, ashe a kan ribarsa kuke ta ja. Ba wai ɓarayi ba ne, neman abinci suke kuma wasunsu sun fi masu shagon sanin inda kaya yake, amma in turmi ashirin za ki saya abin da zai hau kai ba kaɗan ba ne. Ki samu wadda ta saba shiga ta raka ki, ko ki yi ranar farko zagaye kawai, ki shiga layin Ta'ambu ki fita ta Unity Road kina tambayar kuɗi ba ki saya ba. Turmi ɗaya ki tambaye shi a shago uku za ki ji bambanci. Kuma ki faɗa musu sari za ki yi tun farko, kuɗin sari daban kuɗin ɗai-ɗai daban.

Wajen atamfa nan ake cin baƙi. Turmi yadi 6 ne, ki sa a warware a gabanki. Super ta gaskiya wato ta Vlisco da ake yi a Holan, gaba da bayanta kusan ba ki bambancewa, kuma akwai rubutu da lamba a bakin zanen, sai dai yanzu 'yan Chana har sitika suke kwaikwaya, don haka hannu ya fi ido aiki, in kika ji ta ƙandare kamar an zuba mata sitaci to wanki ɗaya za ta saki. Ni ra'ayina a lefe ki sa Super biyu ko uku na asali don dangin amarya akwai masu ido, sauran ki cika da irin su Hitarget da Chiganvy da kin san matsayinsu, ya fi a ce an jera jabu goma ana kiransu Holan, ranar buɗe akwati wata gwaggo za ta shafa ta yi shiru kuma maganar sai ta zaga gari. Shadda ma haka, Getzner daga Ostiriya take zuwa kuma tana da tsada ko a ina, duk wanda ya ce zai ba ki ita a rabin kuɗi to ba ita ba ce. In kaftani ne na ango yadi 5 ya isa, in da babbar riga ki lissafa 10.

Abaya da jallabiya da mayafai da darduma ki tafi kasuwar Hajj Camp, sun fi Kwari zaɓi a wannan ɓangaren. Takalma da jakunkuna da kayan ciki da akwatunan kansu Sabon Gari, amma ban da ranar Lahadi don shaguna da yawa a rufe suke. Hula kuwa in ana son ta hannu a leƙa Kurmi, ko a sa wani ya aiko da Zanna Bukar daga Maiduguri.

Tunda kin ce jarin ba shi da yawa, ki yi tunanin gwanjo, kada ki raina shi. Ƙofar Wambai ranar da ake fasa dila ki je da wuri ki tsinci na sama, kayan yara musamman suna tafiya sosai. Sai dai kada ki fara da sayen dila sukutum, ba ki san me ke ciki ba, wata rabinta tsumma ce kuma ba a mayarwa. A Kaduna ma akwai Kasuwar Barci a Tudun Wada, kuma ke da Jos take kusa da ke, in hunturu ya gabato rigunan sanyi na kasuwar Katako sun fi ko'ina.

Legas fa? Balogun tana da leshi da ashoke da gwaggwaro da ba ki samu a nan sai an jima, wannan gaskiya ne. Amma ki lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa da masauki da 'yan dako da kuɗin ɗoro kaya, in ba leshi masu yawa za ki ɗauko ba ribar a hanya za ta ƙare, ga cunkoso, in ba ki da ɗan gari sai ki wuni kina zagaye layi ɗaya. Ariaria ta Aba ta ɗinkakkun kaya ce da takalma, ba harkar lefe ba ce. Abuja kuma wallahi ban ba ki shawara ba, Wuse kayan Kano ne da Legas aka ɗora musu kuɗin haya.

Sai maganar lokaci, wadda ni a wajena ta fi zaɓen gari muhimmanci. Daga tsakiyar azumi zuwa jajibirin sallah kada ki kusanci Kwari, ba wajen sa ƙafa, kaya sun hau, mai shago ba shi da lokacin ciniki da ke. Bayan sallah da sati biyu kasuwa ta yi sanyi za ki taya yadda kike so. Da damina kuma ki duba kayan da kyau ki sansana, lungunan suna shan ruwa, a 2022 ambaliya ta shiga shaguna ta ɓata kaya masu yawa, irin wanda ya jiƙe ya bushe yakan dawo kan tebur da araha. Kada ki zo Kwari da sassafe don sai wajen ƙarfe goma shaguna ke buɗewa sosai, kuma kada ki riƙo tsabar kuɗi a jaka, kusan kowa yana karɓar tiransifa, ki dai tabbatar sunan asusun na mai shagon ne ba na yaron da ya kawo ki ba, ki karɓi rasit, ki ƙirga kayanki kafin a ɗaure buhu.

In kin sa rana ki yi min magana ta inbos, in ina gari sai mu shiga tare. Allah ya sanya alheri a bikin.